Idona na hagu na roba ne, kuma mai nemana da aure bai sani ba

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 24, ina koyarwa a wata firamare a Zariya. Ina 'yar shekara biyu aka cire mini idon hagu saboda ciwon daji, aka sa mini na roba. Ban san komai a kan ciwon ba sai abin da na tsinta a bakin mutane, domin da zarar na ɗauko maganar sai Mamanmu ta fashe da kuka, dole in ja bakina. A firamare na sha tsokana. Akwai ranar da idon ya faɗo a filin wasa, daga ranar sunana ya koma "ido ɗaya" har na gama makarantar. Yanzu ba na fita sai da baƙin tabarau, ba na shiga hoto, ko a gidan biki ina can baya. Idon da nake sawa shekararsa tara, kullum cikin kwantsa yake, kuma ya fara lotsawa ciki.

Shekara biyu da suka wuce wani ya nemi aurena. Da yayyensa mata suka ji labari suka ce daji gado ne, ya ja da baya ko sallama babu. Yanzu Allah ya kawo wani, mutumin kirki, magabatansa za su zo bayan Babbar Sallah. Shi a zatonsa ɗan harara-garke ne da ni. Gwaggona ta ce kul na faɗa masa sai an ɗaura, in ya so komai ta fanjama fanjam. Na karanta a intanet cewa 'ya'yana za su iya gadon cutar, ni ma za ta iya dawo mini. Anti, in faɗa masa ko in bi maganar Gwaggo? Da gaske 'ya'yana makancewa za su yi? Wallahi barci ya gagare ni.

'Yarki daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ƙara miki lafiya, ya zaɓa miki mafi alheri.

Ki faɗa masa, kuma tun kafin magabatansa su tako gidanku. Amma kada ki ɗauki waya ki kira shi yau da daddare, domin a yanzu ke kanki ba ki san abin da za ki faɗa ba. Idon roba da kike ta faman ɓoyewa shi ne ƙaramin al'amari a wasiƙarki. Babban shi ne wane irin ciwon kika yi, kuma amsar tana wurin mutum biyu: Mamanku da likitan ido.

Dajin da ke kama idon yarinya 'yar shekara biyu har a kai ga cirewa kusan kullum shi ne wanda likitoci ke kira retinobilastoma. Yana tsirowa a tantanin da ke can ƙarshen ƙwayar ido ta ciki, wanda ke karɓar haske. Ƙananan yara yake kamawa, akasari 'yan ƙasa da shekara 5, kuma ba shi da yawa: jariri 1 a cikin 15,000 zuwa 20,000. Iyaye mata sukan fara lura da wani farin abu a tsakiyar baƙin idon yaro, yana ƙyalli kamar idon mage idan haske ya doke shi, ko kuwa su ga idon ya karkace. Wani babban bincike ya bi sawun yara sama da 4,000 da aka gano suna da ciwon a shekarar 2017 a ƙasashe 149, aka fitar da sakamakon a 2022. A ƙasashe masu arziki, yara 99 cikin 100 suna raye bayan shekara uku. A rukunin da Najeriya take ciki, wajen 80. A ƙasashe mafiya talauci, irin su Nijar, 57 kacal. Ciwon iri ɗaya ne ko'ina. Abin da ya raba su shi ne lokacin da aka kai yaro asibiti, da kuma ko iyayensa sun yarda da abin da likita ya ce.

Na kawo alƙaluman nan ne saboda Mamanku. A asibitocin idonmu, da zarar likita ya ce sai an cire ido, iyaye da dama sukan naɗe tabarmarsu su sulale da yaro, a koma wurin masu magani, sai ido ya kumbura ya fito waje sannan a dawo, lokacin ciwo ya riga ya bi jijiyar gani ya kai ƙwaƙwalwa. Mamanku ba ta gudu ba. Ta tsaya aka cire wa 'yarta ido, kuma na tabbata ta sha baƙar magana a wurin dangi, irin su "ina aka taɓa yi" da "ke kika bari likitoci suka nakasa yarinya". Kukan da take yi kukan mai ganin ta yi laifi ne, shekara 22 babu wanda ya ce mata ba ta yi ba. Saboda haka kada ki je mata da tambaya. Ki same ta ita kaɗai bayan la'asar, ki ce: "Mama, na gano cewa da ba ki yarda an cire idon nan ba, da yanzu babu ni. Na gode, Allah ya saka miki da aljanna." Ki bar ta ta yi kukanta. Tambayoyin su biyo baya, ko washegari ne. Idan har ta kasa, ki nemi Babanku ko wadda ta taya ta zaman jinya a lokacin, ba a rasa wata inna ko kaka da ta riƙe labarin tsaf.

Abin da kike son ji a bakinsu ba shi da yawa. A ido ɗaya aka ga ciwon, ko an taɓa yi wa na damanki wani aiki? Bayan cirewar an yi miki ƙarin ruwan maganin daji, wanda ake ce wa kemo? An kai ki gashi, wato inda ake harba haske da na'ura don a ƙone ciwon? Akwai wani a dangin uwa ko na uba da aka cire wa ido yana yaro, ko wani yaro da ya rasu da kumburarren ido? Wane asibiti ne, kuma katin ko wata takarda tana nan a ƙasan akwati?

Ga dalilin tambayoyin. Ciwon nan kashi biyu ne. Wani likita Ba'amurke mai suna Alfred Knudson ya bayyana a 1971 cewa sai an samu lalacewa sau biyu a ƙwayar halittar da ke taka wa ciwon burki kafin ya tashi, kuma a 1986 aka gano ƙwayar, ana kiranta RB1. A wajen yara 60 cikin 100, lalacewar duka biyu a cikin idon kaɗai suka faru. Da an cire idon an cire matsalar, ba abin da za a bai wa 'ya'ya. A sauran 40, an haifi yaron da lalacewa ɗaya a jikinsa baki ɗaya, shi ya sa ciwon ke fito musu da wuri, galibi tun ba su cika shekara ba, kuma sau da yawa a ido biyu. Wannan shi ne na gado. Duk wanda ya yi ciwon a ido biyu na gado ne da shi, kuma kowane ɗa da zai haifa yana da rabi da rabi na ɗaukar ƙwayar. Amma cikin waɗanda suka yi a ido ɗaya, kusan 15 cikin 100 ne kawai ke ɗauke da na gadon.

Ki dubi inda kika faɗo. Idan ido ɗaya ne, kina 'yar shekara biyu, kuma babu kowa a dangi, to mafi rinjayen zato naki ba na gado ba ne, kuma yiwuwar ɗanki ya yi ciwon ba ta kai 1 cikin 10 ba. Yayyen wancan saurayin sun yanke hukunci a kan abin da ba su sani ba. Ki kuma cire wa ranki cewa auren zumunci ne ya jawo, ko wani abu da Mamanku ta ci ko ta sha tana da cikinki. Ba irin sikila ba ne da sai uwa da uba sun haɗu a kan jini, jinin mijinki bai shigo lissafin ba. Don haka gwajin jinin da ake yi kafin aure, irin wanda jihar Kano ta mayar doka a 2024, ba zai nuna komai a kan wannan ba. Gwajin RB1 daban yake. Jininki ake ɗiba, sau da yawa waje ake aikawa da shi, kuma yana da tsada. Ki tambayi likita ko akwai hanya. In babu hali, ba a tsaya nan ba: ana ɗaukar kowane jaririn da kika haifa a matsayin wanda sai an sa wa ido, shi ke nan.

To a nan shawarar Gwaggo ta rushe. Jaririnki yana buƙatar likitan ido ya ɗiga masa maganin buɗe ido ya leƙa ciki a kwanakin farko na haihuwa, tun kafin ranar suna. Sai a riƙa komawa, da fari kusan duk wata, daga baya a riƙa tsawaita tazarar har ya wuce shekara 5, yadda likita ya tsara. Idan ya fara wayo ba ya tsayawa, wani lokaci sai an sa shi barci kafin a duba. Amfanin wahalar nan babba ne: ƙarin da aka kama yana ɗan mitsitsi ana iya ƙona shi da hasken lesa ko a daskarar da shi da sanyi, yaro ya tashi da idonsa da ganinsa. Saboda haka amsar tambayarki ta biyu ita ce a'a, ko da naki na gado ne ba a rubuta wa 'ya'yanki makanta ba, muddin an fara dubawa da wuri. Yanzu ki ƙaddara kina ɗakin jego, jariri kwana uku, lafiyarsa lau, idanu tar. Uwar miji na zaune, ana ta dafa ruwan wanka, ga al'adar nan ta ba a fita da jinjiri sai an yi arba'in. Ki buɗe baki ki ce za ki kai shi asibitin ido. Me za ki ce wa mijin da bai san komai ba? Wa zai biya kuɗin mota da na kati duk wata? Wa zai tare miki mahaifiyarsa in ta ce ba inda za a kai mata jika? Mijin da aka ɓoye wa ba zai iya tsaya wa ɗansa ba, kuma a ranar da ya ji, fushin an yaudare shi ne zai cinye lokacin da ya kamata a ce kuna hanyar asibiti.

Gwaggo za ta iya cewa ai aure ya ɗauru, kuma ta wani ɓangaren da gaskiyarta. Malaman Malikiyya sun lissafa aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure: hauka, kuturta, albaras, da lalurar da ke hana saduwa. Rashin ido ɗaya ba ya ciki, sai in an gindaya sharaɗin cikakkiyar lafiya tun farko. Ki ƙara tuntuɓar malamin da kika yarda da shi. Sai dai ingancin ɗaurin aure daban, zaman aure daban. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutumin da za ku kwana ɗaki ɗaya zai ga idon nan a tafin hannunki wata rana kina wanke shi. Gwaggo tsoro take ji kada a sake yi miki irin na wancan karon, ƙauna ce, don haka kada ki yi mata tsaurin ido. Ki yi mata bayanin jaririn nan kamar yadda na yi miki. Tsofaffi sun fi mu saurin ganewa idan magana ta zo kan jika.

Yadda za ki faɗa masa yana da tasiri ƙwarai, domin mutane sukan ɗauki labari da nauyin da mai bayarwa ya ɗora masa. Kada ki yi ta saƙon waya, kada ki aika ƙawa, kada ki fara da kuka da "ka yafe mini". Ba zunubi kike tonawa ba. Ranar da ya zo zance, ki cire tabarau ki ajiye a gefe, ki dube shi ki ce: "Akwai abin da nake so ka ji daga bakina kafin manya su shiga maganar. Idona na hagu na roba ne. An cire nawa ina shekara biyu saboda ciwon daji, na warke tun lokacin. Na je na ga likita, ga abin da ya ce game da 'ya'ya. In kana so mu koma tare da yayana ka ji da kunnenka." Sai ki yi shiru. Zai iya yin tambayar da za ta sosa miki rai, kamar ko yana fita, ko yana ciwo. Ki amsa, rashin sani ne. Ki ba shi kwanaki ya yi tunani, ya yi istihara. In ya dawo, ku shirya tare yadda zai sanar da mahaifiyarsa da bakinsa, domin maganar da ɗa ya kai wa uwarsa ba ɗaya take da wadda ta jiyo a gidan suna ba. Sauran dangi ba sa bin ki bashin bayani.

Zai iya tafiya. Ba zan yi miki alƙawarin abin da ba ya hannuna ba. In ya tafi za ki ji zafi, amma zafin yanzu ya fi sauƙi a kan na ranar da kike da goyo. Kuma a lura, wancan na farko daga bakin wasu ya ji, an riga an yi wa labarin gishiri. Wannan daga bakinki zai ji, da maganar likita a hannu.

Batun ko ciwon zai dawo miki. Wanda aka cire shekara 22 da suka wuce ya tafi, irinsa a shekarun farko yake dawowa in zai dawo. Abin da kika karanta a intanet magana ce a kan masu na gado, musamman waɗanda aka yi wa gashi: su suna da ƙarin haɗarin wani dajin daban idan sun girma, kamar na ƙashi, na tsoka, na fata ko na huhu. Idan naki ba na gado ba ne, haɗarinki kusan ɗaya yake da na kowace mace a layinku. Har zuwa lokacin da za ki tantance, ki kiyaye abubuwa kaɗan. Ki nisanci hayaƙin taba da shisha, har da na wanda ke sha a kusa da ke. Duk likitan da zai tura ki hoton ƙashi ko na CT, ki gaya masa tarihinki, ya duba ko hoton ya zama dole, ko MRI, wato hoton da ba ya amfani da haske irin na hoton ƙashi, zai wadatar. Ƙullutu a jiki, ciwon ƙashin da ya ƙi tafiya makonni, tabon fata da ke girma ko sauya launi, kada ki tsaya shan maganin kemis a kansu. In an yi miki kemo kina ƙarama, a gwada jin kunnenki sau ɗaya, domin ɗaya daga magungunan yakan taɓa kunne.

Yanzu idon da ke fuskarki. Shekara tara ya yi yawa, 'yata. Babba yakan sauya nasa kusan duk shekara biyar, kuma ana kai shi a goge shi ya yi santsi sau ɗaya ko biyu a shekara. Wanda kike sawa an auna shi ne da fuskar yarinya 'yar shekara 15. Gurbin ya sauya, robar ta kakkarce, kaushin nan shi ke gogar fatar ido ta ciki yana jawo kwantsa, lotsawar kuma alama ce ya yi miki kaɗan. Rabin abin da kike ɓoyewa a bayan baƙin tabarau tsohon ido ne da ya gama aikinsa. Iri biyu ake samu. Akwai na kwali, wanda ake zaɓo miki mafi kusa da naki cikin waɗanda aka riga aka ƙera. Akwai kuma wanda ake ɗaukar awon gurbinki, a zauna a zana shi ana kallon idonki mai lafiya, har da 'yan jajayen jijiyoyin nan na cikin farin ido. Na biyun ya fi tsada, amma ya fi zama daram, ya fi motsi, kuma wanda bai sani ba da wuya ya gane. In da ni ce, da na rage zannuwa biyu a kayan biki na yi wannan. Ki tambayi inda ake yi a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko sashen ido na asibitin koyarwa na Shika tunda kusa da ke yake, ko Asibitin Ido na ECWA da ke Kano.

Kula da shi ba wuya. Ba sai kin cire shi kullum ba, yawan cirewa ma yana ƙara kwantsa, kuma ana kwana da shi. In za ki wanke, ki wanke hannu tukuna, ki shimfiɗa tawul a ƙasa saboda faɗuwa, ki sa sabulu marar ƙamshi da ruwa mai tsabta, ki ɗauraye sosai. Ban da sifirit, ban da turare, suna cinye robar. In za ki share ido, ki rufe shi ki shafo daga gefen kunne zuwa wajen hanci, shafawa ta waje ita ke juya shi ko ta turo shi. Da hunturu yakan bushe ya riƙa kartar fata, ki nemi likita ya rubuta miki ruwan ɗigawa mai sa santsi. Kwalli kuwa ki rage, kuma kada ya shiga cikin gurbin. In jan ido da zafi da kwantsa mai launin kore suka taso, wannan na asibiti ne.

Baƙin tabarau ki musanya shi da fari mai gilashin polikabonet, wanda ba ya tarwatsewa in abu ya buge shi, ko da ba kya buƙatar gilashin ƙara gani. Farin gilashi da firam mai kyau yana ɗauke hankalin mai kallo daga bambancin idanun, baƙi kuwa a cikin aji ko cikin ɗaki tambaya yake jawowa. Mafi muhimmanci, yana tsare miki na daman, wanda shi ne jarinki. Ki sa shi wajen suya, wajen faskare, wajen wanki da bilic, a kan babur, da cikin yaran nan naki masu harbi da danƙo. Kada ki ɗiga wa idon nan komai da likita bai rubuta ba, ko ruwan kemis, ko na gargajiya, ko nonon mai jego da ake cewa yana wanke ido. A duba shi duk shekara, har da awon hawan jinin ido. Dabarun zama da ido ɗaya kuwa kin fi ni saninsu, tun kina rarrafe kike yi: jingina bakin buta da kofi kafin ki zuba shayi, juya kai gaba ɗaya kafin ki tsallaka titi. Ƙari ɗaya kawai, a taro ki zaɓi wurin da mutane za su kasance ta damanki, a hoto kuma ki fuskanci kyamara da fuskarki duka, ba ki kalle ta ta wutsiyar ido ba, a nan ne idanun biyu ke daidaita.

Akwai abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki, wato "ina can baya". An bincika rayuwar manya da suka yi wannan ciwo suna yara. A Amurka, wani bincike da aka buga a 2015 ya tambayi mutum 470 da aka yi wa magani a birnin New York, aka tarar ba su fi sauran mutane baƙin ciki ko fargaba ba. A Holan, inda suka daɗe suna rubuta duk wanda ya yi ciwon, an tarar yawancinsu suna rayuwa daidai da kowa, kuma cikin abubuwan da suka fi hasashen wanda zai sha wuya a girmansa akwai tsokanar da aka yi masa yana yaro. Ƙasashen nan ba irin tamu ba ne, asibitinsu da makarantunsu daban, amma wannan na ƙarshen ya yi daidai da labarinki. Ido ɗaya bai hana ki karatu ba, bai hana ki tsayawa gaban allo ba. Abin da ya kore ki daga hoto shi ne ranar nan a filin wasa, da yaran da watakila yanzu ko sunanki ba su tuna ba.

Na san an sha yi miki karin maganar nan, wai mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Ba na son a riƙa toshe bakin mutum da ita. Godiya ga Allah ba ta hana a ce abu ya yi ciwo, kuma makafi ba darasi ba ne da aka ajiye don wasu su ji sanyi. Kina da damar jin haushin abin da aka yi miki. In tunani ya ci gaba da hana ki barci bayan kin samu amsoshin nan, ko kika ga abinci da aiki sun fita ranki makonni, ki gaya wa likita ya haɗa ki da masu ba da shawara kan damuwa, asibitocin koyarwa suna da su. Wani ɗan wasan kwaikwayo na Amurka, Peter Falk, an cire masa idon dama yana shekara 3 saboda wannan ciwon, ya yi kusan shekara 50 yana cin abinci da fuskarsa a gaban kyamara, ya rasu a 2011 yana da shekara 83. Na sani, shi namiji ne, kuma a wurinmu fuskar mace aka fi ƙure wa kallo. Duk da haka ki fara da kaɗan: hoto ɗaya da 'yan ajinki bayan kin sa sabon ido.

Tsakanin yanzu da Babbar Sallah lokaci ya ishe ki. Ki yi magana da Mama a makon nan, sannan ki yanki kati a asibitin ido ki ce kina so a buɗe idon damanki a duba har ciki, domin wani lokaci akan ga tsohon tabo a can wanda ke nuna na gado ne, kuma in an gan shi za a so a duba iyayenki da ƙananan yaran gidanku. Ki rubuta tambayoyinki a takarda don kada su ɓace miki a gaban likita. Ranar kuma ki tafi da ɗan rakiya, saboda maganin buɗe idon zai dushe miki gani na wasu awanni, ba za ki iya tsallaka titi ko neman mota ke kaɗai ba.

Antinku